Yadda za ka daina kwafsawa a he, she, it da sauran 'yan uwansu

Na ɗan jima ina yi wa yara lesin ɗin Turanci da yamma, masu shirin WAEC da NECO da JAMB, har da wasu manya 'yan kasuwa da su dai burinsu su iya tura saƙo a waya ba a yi musu dariya ba, kuma abin da na lura da shi shi ne ba manyan kalmomi ke kayar da mutanenmu ba wallahi. Yaro zai haddace maka kalma mai tsawon igiyar guga ya rubuta ta daidai, amma ɗan ƙaramin he ko me ko its shi zai tona masa asiri. Waɗannan ƙananan su Bature ke ce wa pronoun, mu kuma a nahawun Hausa wakilin suna muke cewa, wato kalmar da ke tsayawa a madadin suna don kada ka yi ta maimaita Audu, Audu, Audu kamar mai kiran yaro a bakin kasuwa.

In ka bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya za ka ga kusan duk Hausa ce kwance a ƙarƙashi, mutum ya yi tunani da Hausa sai ya sa mata rigar Turanci. Shi ya sa ni ba na fara wa ɗalibi da hadda, sai dai mu ɗauko jimlar Hausa mu ga inda hanya ta rabu.

Mu fara da wanda ya fi yawa. A Hausa ba ka cewa "Audu tafi kasuwa", dole ka ce "Audu ya tafi kasuwa", wannan "ya" ɗin ba ya faɗuwa ko da sunan yana nan. To shi yaro sai ya ɗauko shi ɗungurungum ya kai Turanci, ya rubuta "Audu he went to the market". Akwai wata takarda da na taɓa dubawa, an ce yarinya ta yi rubutu a kan gidansu, tun daga layin farko har ƙarshe haka ta jera su, "My father he is a farmer, my mother she sells groundnut oil, my brothers they are in school", jan birona har sai da ya gaji. A Turanci ɗaya za ka zaɓa, ko sunan ko wakilinsa. In mai gida yana zaune ai wakili ba shi da ta cewa. "My father is a farmer", shi ke nan, jimla ta gaba kuma in ba ka son maimaitawa sai ka ce "He grows millet".

Sai kuma akasin haka, inda Turanci ke neman wakili mu kuma babu abin da za mu nuna. Muna cewa ana ruwa, ana zafi, ƙarfe biyu ta yi. Shi Turanci jimlarsa ba ta tashi ba wani a gaba, sai ya ɗauko it ya ajiye ko da ba ya wakiltar komai, "It is raining", "It is hot", "It is two o'clock". Kada ka ce "Is raining", wannan it ɗin kamar ɗan rakiya ne amma in babu shi motar ba ta tashi.

Yanzu ga kashi biyun da kowa ya sani amma ake ta faɗuwa a kai. Akwai na mai yin aiki, I, you, he, she, it, we, they. Akwai na wanda aikin ya faɗa wa, me, you, him, her, it, us, them. Mu ma ai muna da irin wannan, "na gan shi" da "ya gan ni", ba wanda zai ce "ya gan na". In mutum ɗaya ne ba a cika samun matsala ba, kowa ya san "I saw him" da "He saw me". Rigimar tana farawa ne da zarar an zama biyu. "Ni da Binta muka je", me za ka ce? Dabarar da nake koya wa yara mai sauƙi ce, cire ɗayan ka ga ko jimlar za ta tsaya da ƙafarta. Cire Binta, za ka ce "Me went"? A'a. "I went" za ka ce, to ashe "Binta and I went" ne daidai. Kuma ka lura Bature kansa yake sawa a ƙarshe, mu muna cewa ni da wane, shi wane da ni yake cewa. Eh na sani za ka ji "Me and Binta went" a bakin Turawan kansu a finafinan Amurka, a hira ba wanda zai kama ka, amma a takardar jarrabawa ko ta neman aiki kada ka kuskura.

Sai dai fa wasu da aka tsorata su da wannan doka sun wuce gona da iri, ko'ina sai su sa I don suna ganin ya fi kama da na 'yan boko. Za ka ji babban mutum da babbar riga a taro yana cewa "He invited my wife and I". Yi gwajin nan dai, cire uwargida, "He invited I"? Ka ji ai bai shiga ba. "He invited my wife and me" ne. Haka bayan ƙananan kalmomin nan irin su to, for, with, between, kashi na biyu ake sawa, shi ya sa "between you and me" ne daidai, "between you and I" kuskure ne duk da yadda yake da daɗi a kunne.

Akwai wani salo namu da ni kaina yana burge ni, "mu da Audu muka je", alhali ku biyu ne kacal, kai da shi. In ka juya shi kai tsaye ka ce "We and Audu went" Bature zai ɗauka ku uku ne ko fiye. "Audu and I went" ya wadatar.

Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa aka ce waye, "It's me" kowa ke cewa yanzu, "It is I" na tsofaffin littattafai ne, in ka faɗe shi a ƙofar gidan abokinka sai ya zaci wasan kwaikwayo kake. Haka "She is taller than me" ya zauna a magana, in kuma rubutu ne na hukuma ko kana tsoron mai maki sai ka cika ta, "She is taller than I am", ba mai taɓa ka. Kuma dan Allah I kullum babban baƙi ne ko a tsakiyar jimla ko a ina, wannan ƙaramin i da ake saki a WhatsApp yana bin hannu har cikin ɗakin jarrabawa.

To sai you. Nan kam mu muka fi su arziki, muna da kai, muna da ke, muna da ku, su kuwa you ɗaya ce tilo take ɗaukar duka, namiji da mace, mutum ɗaya da mutum ɗari, sarki da yaron gida. Da can suna da thou da thee na mutum ɗaya, za ka gan su birjik a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, amma daga baya you ta cinye su. Abin da wannan ke jawo mana shi ne maganar girmamawa. Mu in za mu ambaci babba sai mu ce "Malam sun ce", "Baba suna barci", to wani yaro, da baƙo ya zo neman mahaifinsa, ya tashi zai burge da Turanci sai ya ce "My father, they are sleeping", baƙon ya tsaya yana tunanin su nawa ne ke barcin. Turanci ba ya girmamawa da jam'i, mutum ɗaya he ne ko she komai furfurarsa, ladabin a wasu kalmomi yake kamar sir da please. In kuma mutane da yawa kake wa magana kana son su san duka kake nufi, "all of you" za ka ce. Ka yi hankali da "you people", mu a nan mun saba da shi ba komai, amma a kunnen Baturen Ingila ko Amurka yana iya fita kamar ka ce "ku ɗin nan", da raini a ciki.

"An ce" da "an sace" su ma suna ba da wahala don Turanci ba shi da wannan "an" ɗin namu. A hira "They said" ya yi, amma a rubutu gara ka juya, "I was told", "My phone was stolen".

Jinsi kuma. A Hausa komai ko namiji ne ko mace, mota ta lalace, gida ya rushe, rana ta faɗi. Turanci he da she na mutane ne, sai dabbar da ka san jinsinta ko kake ji da ita, sauran kaya duk it. Saboda haka mota in ta mutu a hanya "It broke down" ne, ba she ba. Amma ga wani tarko, akwai kayan da mu tilo muke ɗaukarsu su kuma jam'i, wando da almakashi da tabarau. Wandona ya yage, "My trousers are torn", in za ka sake ambatonsa kuma they ko them za ka ce, "I bought them last week". Abin da ban dariya amma haka yake.

Mu zo kan mallaka, nan ma Hausa za ta taimake ka in ka bari. Muna da "littafina" muna da "nawa ne". Na farkon manne yake da suna, na biyun shi kaɗai yake tsayawa. Haka Turanci, my, your, his, her, its, our, their sai da suna a bayansu, "my book". Su kuma mine, yours, his, hers, ours, theirs su kaɗai suke tsayawa, "The book is mine". Ba a cewa "mine book", ba a cewa "It is my" a yi shiru. Bambancin kawai mu muna duba jinsin abin da aka mallaka, nawa da tawa, gidansa da motarsa, shi Turanci ba ruwansa da kayan, mai kayan kawai yake kallo. Uwar Audu "his mother" ce duk da uwa mace ce, uban Binta "her father" ne. 'Yan uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci sun fi shan wahala a nan, don a Faransanci son da sa abin da aka mallaka suke bi, sai ka ji ɗan Maraɗi ko Damagaram yana maganar uwar Audu ya ce "her mother". In kana cikinsu ka riƙa tambayar kanka na waye, namiji ko mace, ka manta da kayan.

Yanzu abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, ɗan waƙafin nan na sama. Yours, hers, ours, theirs, its, babu ɗayansu da ke ɗaukarsa. Kowace shekara sai na ga yaro ya rubuta wasiƙa mai kyau tsaf, ya zo ƙarshe ya sa "Your's faithfully", maki ya tafi a banza a layin da ya fi kowanne sauƙi. "Yours faithfully" ne, "Yours sincerely" ne, Y babba, kalma ta biyu da ƙaramin baƙi. Shi kuma it's mai waƙafi gajarta "it is" ne ko "it has", in kana shakka buɗe shi ka karanta. "The goat broke it's leg", buɗe, "The goat broke it is leg", ka ga shirme, to its ne ba waƙafi. Wannan gwajin shi zai raba maka who's da whose, you're da your, they're da their. Abokina kuma in ɗaya ne daga cikin abokai "a friend of mine" ake cewa, ba "a friend of me" ba.

Sai masu -self, wato kaina, kanka, kansa. Myself, yourself, himself, herself, itself, ourselves, yourselves, themselves. Aiki biyu suke, ko aikin ya dawo kan mai yinsa, "She cut herself", ta yanke kanta, ko ƙarfafawa, "I cooked it myself", ni da kaina na dafa. In ka sa by a gaba ma'anar ta koma kaɗaici, "He lives by himself", shi kaɗai yake zaune. A nan ne kaɗai you ke nuna yawa, yourself mutum ɗaya, yourselves da yawa. Babu hisself babu theirselves a daidaitaccen Turanci ko da ka ji a waƙa. Kuma a daina fakewa da myself don gudun zaɓar I ko me, "Myself and the chairman will come" ba daidai ba ne, "The chairman and I will come".

Amma babban abin shi ne bambancin kansu da juna, wanda a Hausa ko yaron goye ba zai haɗa su ba, amma a Turancin Najeriya an cakuɗa. A wajen biki mai riƙe da makirfo zai ce ango da amarya "love themselves". Abin da ya faɗa fa shi ne kowannensu kansa yake so, son kai ke nan, auren da ba zai kai shekara ba. Suna son juna "They love each other" ne. Haka "They are fighting themselves" in kana nufin suna faɗa da juna, each other za ka sa. Tsofaffin littattafai suna cewa each other na mutum biyu ne one another na fiye da biyu, yanzu Turawan ba su damu da wannan ba, amma in ka ga tambayar a jarrabawar zaɓi bi tsohuwar dokar ka wuce.

Na nuni ba sai mun daɗe ba, this wannan, that wancan, these waɗannan, those waɗancan. Matsalar a baki take, this da these muna furta su iri ɗaya sai hannu ma ya bi, a rubuta "this children". Ja wasalin these ka ƙare shi da sautin z. A waya kuma in za ka gabatar da kanka "This is Audu" ake cewa.

Inda nake son ka nutsu sosai shi ne masu haɗa jimla, who, whom, which, that, whose, su ne wanda da wadda da waɗanda, ko ɗan "da" ɗin nan na "mutumin da". Who na mutane, which na kaya da dabbobi, that yana shiga duka biyun. Ga inda Hausa ke shigowa, muna iya cewa "mutumin da na ba shi kuɗi", "gidan da muke zaune a cikinsa", wato mu sake dawo da wakilin a ƙarshe. Turanci ba ya so. "The man that I saw him yesterday" kuskure ne, that ya riga ya tsaya wa mutumin, him ɗin kaya ne a kan kaya. "The man that I saw yesterday", ko ma ka jefar da that ɗin, "The man I saw yesterday". Haka "the house we live in", ba "in it" ba.

Ɗan uwan wannan shi ne whose. Yaron da ubansa ya rasu, kusan kowane ɗalibi "the boy that his father died" zai fara rubutawa. Duk inda ka ji "da ...nsa" ko "da ...nta" na mallaka a Hausarka, whose ke nan, ya haɗiye that da his gaba ɗaya, "the boy whose father died". Whom kuwa yana ta mutuwa a magana amma masu jarrabawa suna ƙaunarsa. Gwajinsa, amsa tambayar da he ko him, in him ya fito to whom ne, duka biyun da m suka ƙare. "Whom did you see?" I saw him. "Who called?" He called. Bayan to da with da for ma whom ne, shi ya sa ake rubuta "To whom it may concern" a saman takardar shaida. Sannan "all what he said" da ya zama ruwan dare, "all that he said" ne. Kuma in ka sa waƙafi kana ƙarin bayani ne kawai, that ba ya shiga, "Kano, which is my home town", ba "Kano, that is" ba.

Su waɗannan ɗin dai, ban da that, su ake tambaya da su, sai ƙarin what. What a buɗe yake, which kuma zaɓi ne cikin abubuwan da aka sani, kamar me da wanne. Mai shayi zai ce maka "What do you want?", in ya ɗaga gwangwanin madara biyu kuma "Which do you want?". In baƙuwar lamba ta kira ka kada ka ce "Who are you?", yana fita da zafi kamar kai waye, "Who is speaking, please?" ya fi.

Saura su everybody, somebody, nobody, anybody, each, either, neither. Nan Hausa tana bayanka, ai "kowa ya zo" muke cewa ba "kowa sun zo" ba, to haka "Everybody is here", ba are ba. "Each of the boys has a pen", "Neither of them is ready", kada jam'in da ke tsakiya ya ruɗe ka, each da neither su ke riƙe da aikatau. In za ka sake komawa kan everybody fa, his ko their? Tsohuwar doka his take so, amma their ga mutum ɗaya da ba a san jinsinsa ba tun ƙarni na 14 yake cikin Turanci, kuma yau "Somebody left their bag" ba wanda zai ɗaga gira. In ka fara da one kuma ka ƙare da shi, "One should keep one's promise". Ban ga kowa ba, ko ka ce "I didn't see anybody" ko "I saw nobody", amma kada ka haɗa didn't da nobody, korewa biyu ke nan a jimla ɗaya.

Yadda nake sa ɗalibaina su gwada kansu, ɗauko saƙon Turanci na ƙarshe da ka tura wa wani, mai ɗan tsawo, kwafe shi a takarda, zagaye kowane wakilin suna da biro, sannan kowanne ka tambaye shi wa kake wakilta. In ka ga irin "Audu told Musa that he failed" wanda ba a san wa ya faɗi ba, Audu ko Musa, mayar da sunan kawai ko ka kawo maganar yadda aka faɗe ta. Ga irin wanda nake rubuta musu a allo ranar farko, gyara shi kafin ka duba ƙasa:

"Me and my sister we went to see the woman that her son is sick. She gave my sister and I food, and everybody were greeting themselves. The house is her's."

Kurakurai bakwai ne a ciki in ka ƙirga da kyau. Gyararren shi ne:

"My sister and I went to see the woman whose son is sick. She gave my sister and me food, and everybody was greeting each other. The house is hers."

Jimla ta biyun ma in ka so sai ka taƙaita ka ce "She gave us food", tunda an riga an san ku waye.